Ɗakin da Rezo Ba Ya Shiga

Gidanmu yana wani ƙauye a ƙasar Kwaya, dab da iyaka, har idan an kira salla a ƙauyen Najeriya da ke kudu da mu, muna jin ladaninsu tun namu bai gama alwala ba. Can aka haife ni, ni ce auta, can kuma Inna take zaune tun ranar da aka kawo ta amarya. Bayan rasuwar Baba gidan ya rage daga ita sai Yaya, babban wanmu, da matarsa da ƴaƴansu. Ni kuwa aikin koyarwa ya kai ni Damagaram, ina riƙe da aji a wata lakwal, wato makarantar boko, sai an yi hutu nake leƙa gida.

Shekarar da jiri ya fara ɗibar Inna, Yaya ya ɗora ta a amalanke ya kai ta likita, wato ɗan asibitin yankinmu. Majo, wato babban ma'aikacin wurin, ya auna ta ya ce tansiyo ce, jininta ya hau sosai. Ya hana ta gishiri, ya hana ta daka, ya hana ta zama gaban wuta. To Inna mai ƙuli-ƙuli ce. Tun ban san kaina ba nake tashi da ƙamshin gyaɗa a hanci: ta soya, ta murje, ta kai inji, ta zauna gaban turmi tana juya markaɗen da ruwan zafi har mai ya taso, sannan ta mulmula tunkuza ta jera a kasko. Da majo ya gama lissafa abubuwan da ya hana ta, sai ta ce masa to, ta yi masa godiya, ta sa masa albarka. Washegari da sassafe ta hura wuta.

Na so in ɗauke ta in dawo da ita wurina. Ina da ɗaki, akwai asibiti kusa, ba murhu ba turmi. Ta kafe kai da fata. Ta ce ɗakinta ne, awakinta ne, kabarin mijinta yana bayan gari, ba ta ga abin da za ta je yi a gidan suruki tana kallon bango ba. Mun yi ta kai ruwa rana, har na yi fushi na koma ban yi mata sallama ta kirki ba. Daga baya na aika mata da waya, ƴar ƙarama mai fitila a ka, mai cin layi biyu. Aka sa mata layin Nijar a ɗaya, layin Najeriya a ɗayan, kamar yadda kowa yake yi a ƙauyenmu, domin ƙarfen rezo, wato sabis ɗin waya, na Nijar yana can arewa da nisa, na Najeriya kuwa yana kudu, in gari ya yi garau har hango shi ake yi. Na ce mata sharaɗina ɗaya ne: in dai na kira ina samunta, to ta zauna a ɗakinta. Ranar da na neme ta na rasa, da ƙafata zan zo in tattara kayanta.

"Allah ya nuna mana," in ji ta, ta ƙulle wayar a haɓar zane.

A babban hutun da ya biyo baya na gane abin da ya zama makamina. Ina yawo a tsakar gida da tawa wayar a sama ina neman rezo, yaran Yaya suna yi mini dariya, sai na lura cewa kowane lungu na gidan da layin da yake kamawa. Ɗakin Inna na ƙasa ne, yana da ƴar taga ta arewa daidai kan gadonta. A nan layin Nijar yake shiga, na Najeriya kuwa bango ya tare shi. Madafa rumfar kara ce a kudancin gida, a buɗe take, layin Najeriya yana cika fal, na Nijar ko alama. A zaure duka biyun suna kamawa. A garken awaki na Najeriya ne, amma murya tana yankewa kamar mai magana a bayan kabu-kabu. Sai ɗakin Baba, soro mai kaurin bango a tsakiyar gida, ba taga, ƙofarsa kullum a rufe. Nan ko ɗaya ba ya shiga.

Da na koma Damagaram sai na riƙa kiran layin Nijar da farko. In ya shiga, to tana kan gado ko tana zaure. In matar nan ta cikin waya ta amsa mini da Faransanci cewa ba a samun mai lambar, sai in kira na Najeriya. Yana fara ringin na san tana madafa.

Inna ba ta ɗauka da wuri. Sai ta tsawatar wa jikoki, ta janye itace, ta gyara murya, sannan ta danna.

"Salamu alaikum," da wata irin murya ta mai barci.

"Inna, ina wuni? Me kike yi?"

"Me ko zan yi, Auta? Ga ni kwance tun azahar. Kin ma tashe ni."

"Inna, sauke kaskon nan."

Sai in ji ta ja numfashi.

"Wane kasko?"

"Wanda ke gabanki. Ki ba matar Yaya ta ƙarasa, ki koma ɗaki."

Wallahi ina jin daɗin wannan wasa fiye da yadda ya kamata. Ni da na tashi ba na iya ɓoye mata ko loma ɗaya, in na saci ƙuli a faifai tana daga bayan gida za ta ce in mayar, yau ga ni a wani gari ina kama ta da ludayi a hannu. Wata rana na ce mata ta fito daga garke kada bunsurun nan ya ture ta, na ji ta yi salati da ƙarfi. Ta tambaye ni ko wani malami na samu a Damagaram. Na ce a'a. Ta ce to ko mafarki nake yi da rana. Na ce ni dai ina ganinta, ta yi hankali.

Akwai abu ɗaya da ban taɓa yi mata wasa da shi ba. Wasu ranaku bayan la'asar, in na kira, matan nan biyu ne suke amsa mini, mai Faransanci da mai Ingilishi, kowace ta ce ba a samunta. In na jinkirta kaɗan na sake kira sai ya shiga, in ji muryarta a sanyaye, tana tambayata yara da maigidana ɗaya bayan ɗaya. Kowa a gidan ya ɗauka ranar Juma'a kaɗai take buɗe ɗakin Baba ta share. Ni na san ba haka ba ne. Na san tana shiga ta turo ƙofa, ta zauna a kan buzunsa, ta yi masa addu'a, ko ta yi shiru kawai. A irin waɗannan ranaku ba na tambayarta inda take, ba na kuma yi mata maganar magani. Tausayinta yake kama ni, in yi kewar Baba ni ma, in ajiye waya in rasa abin da zan yi da hannuna.

Wasan ya ɓaci ne ta inda ban zata ba. Inna ta zauna ta yi lissafinta, ta ga ba malami ba aljani, to lalle akwai mai kai rahoto, kuma ba kowa ba ne sai matar Yaya. Baiwar Allah, mace mai haƙuri da ta riƙe Inna kamar ita ta haife ta. Inna ba ta ce mata uffan ba, ai ba a yi wa suruka faɗa a fili, amma ta daina kiranta su ci tuwo a kwano ɗaya, ta daina ba ta ajiyar mai, in ta shigo madafa sai Inna ta yi kicin-kicin da fuska. Matar Yaya ta kira ni tana kuka, ta ce ita ba ta san laifin da ta yi ba.

Ranar na kira Inna na warware mata komai. Na ce ba mutum ba ne, wayar ce. Na bi gidan da ita lungu-lungu: taga, madafa, zaure, garke. Ta saurara har na gama, sannan ta ce:

"Wato iskar nan da ke kawo magana, ita ce take kai tsegumina?"

"Kusan haka ne, Inna."

"Ni da kuɗin gyaɗata nake sa mata kati, ita kuma tana cin amanata." Ta yi tsaki. Can sai ta ce, a hankali, "To ɗakin babanki fa?"

"Nan rezo ba ya shiga ko kaɗan."

"Ke nan kin sani."

"Na sani, Inna."

Da yamma matar Yaya ta kira ni tana dariya, ta ce Inna ta aiko mata da kwalbar mai da ƙuli cike da faifai, ta kuma ce a gaya mata wayar ce munafukar.

Na ɗauka na gama da ita, ashe yanzu ta fara. Ta sa aka kafa mata ƙusa a jikin taga, ta rataye wayar a nan, ta koma madafa abinta. In na kira layin Nijar sai ya shiga sarai, ya yi ta ringin, can sai a ɗauka.

"Ga ni... kwance... Auta."

Tana haki kamar wadda ta kori akuya daga gona. Tsohuwa mai tansiyo tana gudu daga madafa zuwa ɗaki don ta yi wa ƴarta ƙarya! Raina ya ɓaci ƙwarai, na ɗaga mata murya abin da ban saba ba. Na ce gudun nan ya fi tuyar haɗari, in ta faɗi a bakin ƙofa me zan ce wa kaina? Na ce ta yi tuyarta kaɗan-kaɗan da safe kafin rana ta yi zafi, ba zan ƙara cewa ta sauke kasko ba, amma wayar nan ta koma haɓar zane, ko bayi za ta shiga. Ta ce ta ji. Wannan karon da gaske ta ji, domin daga ranar ban sake samun wayar a wani wuri ita tana wani wuri ba.

Wani abokin aikina mai koyar da kimiyya, da na ba shi labarin, ya ce ai a manyan ƙasashe da irin wannan dabara ake gano inda mutum yake a cikin babban gini, ana duba ƙarfin sigina daga nan da can a gane ɗakin da yake. Na ce su da na'urori suke yi, ni da tagar Inna da rumfar kara.

Ranar da abin ya faru lokacin cirar gyaɗa ne, duk gidan suna gona. Da safe Inna ta gaya mini za ta je barkar haihuwa a wani ƙauye da ke kusa, a ƙafa, hanyar ba nisa. Da yara suka fita hutun tsakiyar safiya na kira in ji ko ta isa. Mai Faransanci ta amsa. Na kira ɗaya layin, mai Ingilishi ta amsa. Na ce bari in ba ta lokaci, wataƙila ta leƙa wurin Baba kafin ta fita. Na shiga aji, na rubuta darasi a allo, na fito baranda na sake kira. Su dai matan nan biyu. Na sake, na sake. Ba ta taɓa daɗewa haka a ɗakin ba, kuma ba ta shiga da hantsi.

Na kira Yaya a gona. Ya ce, "Ai ta tafi barka, ke ma kin cika fargaba."

"Yaya, hanyar nan daga ƙofar gida har can layin Najeriya yana kamawa. Da tana hanya da na same ta."

"To wutar wayar ce ta ƙare."

Na ji matarsa daga gefe tana cewa ita da kanta ta cire ta daga caji a jikin pano, faifan nan na hasken rana, da safen nan, a cike take. Na ce ya taimake ni ya je gida. Ya yi gunaguni, yana da mutane a gona, amma ya hau babur. Da ya isa ya kira ni, ina jin takunsa. Ya ce ɗakinta ba kowa, madafa ba wuta, awaki suna nan, mayafinta na fita ma ba ya kan igiya. Ya ce kin gani ko, ta tafi.

"Buɗe ɗakin Baba."

"Yau ba Juma'a ba ce. Ƙofar a rufe take."

"Yaya, don girman Allah buɗe."

Na ji ƙarar ƙyauren kwano, na ji ya ce "Inna?", sai layin ya yanke. Na san dalili, ya shiga inda rezo ba ya shiga, amma sanin bai amfane ni da komai ba. Ina tsaye a tsakiyar filin lakwal da alli a hannu ɗaya, waya a ɗayan, rana tana dukana, yara sun leƙo ta tagogi suna kallon madam ɗinsu tana karanto duk addu'ar da ta zo bakinta. Ban san iya lokacin da na yi a tsaye ba. Da wayar ta yi ƙara saura kaɗan ta suɓuce mini.

"Tana numfashi," in ji Yaya. "Tana ma magana. Ta ce a gaya miki kada ki yi surutu."

Na durƙushe a wurin na fashe da kuka, ina kuka ina dariya.

Ashe ta yi shirin fita, ta yafa mayafi, sai ta shiga ɗauko sabulun barka da take ajiyewa a tukunyar Baba. Ta sunkuya, jiri ya ɗebe ta, ta faɗi a kan ƙugu, ƙyauren ya koma ya rufe. Ta yi kira, ba kowa a gidan, ga kaurin bango. Da an bi maganar barka, sai magariba za a fara nemanta, kuma can ƙauyen za a nufa.

A asibitin Magariya na same ta washegari, an sa mata ƙarin ruwa, ƙugun ya kumbura amma bai karye ba. Tun a mota na shirya maganata. Na ce sharaɗi ya cika, na neme ta na rasa, daga nan Damagaram za mu wuce. Ta bar ni na gama tsaf, tana kallon silin.

"Kin neme ni kin rasa?" ta ce. "To wa ya ce a buɗe ƙofar?"

"Ni ce, Inna."

"Da na faɗi, na lalubo wayar a haɓar zane, na ga ba ta da amfani. Sai na ce to, Auta za ta kira in yara sun fita. Za ta ji shiru nan, ta ji shiru can. Ta san wuri ɗaya ne. Na gyara kwanciya na jira ki." Ta juyo ta dube ni. "A gidanki na Damagaram, in na faɗi a bayi kina lakwal, wayar sai ta yi ta kuka a banza, ki ce ina barci. Ko ƙarya na yi?"

Ba ƙarya ta yi ba. Da aka sallame ta, gida muka mayar da ita. Abin da kawai na ci nasara a kai shi ne Yaya ya sa dutse ya tokare ƙyauren ɗakin Baba, in ta shiga ya zauna a buɗe.

Bara aka kafa sabon ƙarfen rezo a kusa da mu. Mutanen ƙauye suka yi murna, ba sauran hawa kan katanga ko ɗaga waya sama. Da na je hutu na zaga gidan da wayata: madafa a cike, garke a cike, kan gado a cike. Na shiga ɗakin Baba, na janye dutsen na rufe ƙofa, na duba. A cike. Na zauna a kan buzun, hankalina a tashe, domin abin da na dogara da shi shekarun nan ya tafi, kuma Inna ta ƙara tsufa. Ita ko da ta ji labari har da guɗa.

"Alhamdu lillahi, an rufe bakin munafuka! Yanzu sai abin da na ga dama na faɗa miki."

Na koma Damagaram da wannan magana a zuciyata, ina tunanin ko lokaci ya yi da zan sake tayar da zancen ɗauke ta, ko da za ta yi fushi da ni. Ranar farko da na kira, ringin ɗaya ta ɗauka. Ko sallamata ba ta bari na ƙarasa ba.

"Ina madafa," ta ce. "Kasko ɗaya ne, na kusa saukewa, kuma ba zan fasa ba. Ina kwana?"

Tun daga ranar haka take fara kowace waya, kafin gaisuwa. Ina garke. Ina zaure, ga maƙwabciya. Ina kan gado, yau jikin ba daɗi, na sha maganin. Ban roƙe ta ba, ba mu taɓa zancen ba, kuma ban sake tayar da maganar Damagaram ba.

Wata la'asar na kira, ya yi ringin har na fara tsorata, sannan ta ɗauka. Babu motsin yara, babu kukan awaki.

"Ina ɗakin babanki," ta ce. "Ƙofa a buɗe take. Kada ki kashe, zauna mu yi masa addu'a tare."